Sunan Wancan

Bana shekara goma ke nan da rasuwar ɗan ƙanwata, Zabairu, sojan da ya faɗi a bakin daga can gabas, wajen Tafkin Cadi. Na rubuta sunan yanzu, na tsaya ina kallonsa a kan takarda. Tun daga ranar da labarinsa ya zo har zuwa bara, ba a sake faɗin sunan nan a gidanmu ba.

Ba fushi aka yi da shi ba, ba kuma mantawa aka yi ba. Shi ne ɗan fari a wurin ƙanwata Tasalla, kuma mai karatu ya san yadda abin yake a wurinmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Tun daga ranar suna har ya yi gemu, "wancan" take ce masa. Yana zaune a gabanta sai ta dube ni ta ce, "Yaya, ka ce wa wancan tuwo zai huce." Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, sai ya juyo ya ce, "Kawu, ka ce wa Inna wancan ya ƙoshi, amma in da sauran miya zai daure." Ta harari ƙasa, mu yi dariya.

Da kaka labarin ya zo, da hantsi. Sojoji biyu suka zo daga Dungas a kan moto, wato babur, maigari ya rako su ƙofar gida, suka gaya mini don ni ne babba, ubansa ya riga shi tafiya. Na shiga na iske Tasalla tana sheƙar gero. Ta dubi fuskata ta ce, "Wancan ne?" Na ce shi ne. Ta yi salati, ta ƙarasa sheƙe ƙwaryar da ke hannunta, ta ajiye, sannan ta shiga ɗaki. Mata suka yi ta yaba haƙurinta da kunyarta. Ni ban san me ke cikin ranta ba. Abin da na sani shi ne nawa ran bai ji komai ba. Na karɓi gaisuwa, na raba sadaka, ina jiran abin ya zo ya same ni. Har yau ina jira.

Gawa ba ta zo ba, can aka binne shi tare da abokan aikinsa. Muka yi masa salla babu makara a gabanmu. Daga nan sunan ya fara janyewa a hankali. Matarsa da ma ba ta faɗin sunan miji, ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Waca. Ƙannensa "Yaya" suke cewa. Mutanen gari "Kafaran" suke kiransa, wato kofur, da galansa, muƙaminsa na soja. Da ƙanensa ya sami ɗa namiji aka mayar da sunan, amma wa zai kira jariri da sunan babban wansa a gaban Tasalla? Tun yana rarrafe ake ce masa Soja. Sunan yana nan a gidan, an ajiye shi kamar kayan da ake jin tsoron kada su tsufa, ba mai taɓawa. Ni kaɗai nake da ikon faɗinsa, kuma ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Na yi yawo a ƙuruciyata. Tafinta ne ni a wurin masu haƙa rijiyoyi, aikin ya kai ni wurare da dama, kuma duk inda na je ina lura da yadda mutane ke yi da waɗanda yaƙi ya cinye musu. A Faransa kusan kowane ƙauye da na ratsa akwai dogon dutse a tsakiyar gari, an sassaƙa sunayen matattun yaƙi a jikinsa. Na taɓa karanta wani daga sama har ƙasa ina jiran mota. Mutane na wucewa da burodi a hammata, ba wanda ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ta ɗaure karenta a jikin ƙarfen da ya kewaye dutsen, ta shiga kanti. Na nemi suna irin namu ban gani ba, ko da yake na san namu sun mutu a ƙasar. A Aljeriya na ga kaburburan shahidai farare a jere, da tuta a bisansu. A Madina kuwa na ga kaburbura da dutse tsirara a kai, babu rubutu ko ɗaya. Na komo gida da ra'ayin cewa namu ya fi kusa da na ƙarshen nan, kuma ya fi: fasasshiyar tukunya, ƙaya a kai, damina biyu ko uku ƙasa ta daidaita. Mamaci addu'a yake so, ba fenti ba. Haka na riƙa gaya wa duk wanda ya tambaye ni, da wanda bai tambaya ba.

Bara samarin ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, suka taso da wata shawara, su da malamin lakwal, makarantarmu ta boko, wanda ake kira Mushe Lawali. Bayan Zabairu mun ƙara rasa wasu yaran a soja. Suka ce za su gina ɗan bango a bakin lakwal, a rubuta sunan duk ɗan garin da ya tafi yaƙi bai komo ba, har da mazan jiya da aka kwasa a zamanin Nasara. Aka tambayi Liman. Ya ce in dai ba hoto, ba kuma wanda zai je ya roƙi bango wani abu, to ba kabari ba ne, ba gunki ba ne, allo ne babba.

Wajen mazan jiya aka sami cikas. Aka taru a gindin gawon ƙofar maigari, aka ɗauko Baba Gagere, wanda ya fi kowa shekaru a garin, kunnensa kuma ya yi nauyi. Ya tuna mutum uku da aka tafi da su yana yaro. Biyu ya faɗi laƙabinsu, aka bi dangi aka gano sunayen yanka. Na uku ya ce, "Sai mijin Delu."

Mushe Lawali ya matsa kusa da kunnensa. "Baba, sunansa muke so."

"Mijin Delu mana."

"Kafin ya auri Delu fa, me ake ce masa?"

"Kafin nan ai yaro ne. Wa ya damu da sunan yaro?"

Aka yi dariya, har da ni. Na san Delu. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa lokacin muna yara, ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba bayan an tafi da mijinta. In ta yi maganarsa "maigidan" take cewa, kamar ya je kasuwar Magariya ne zai komo da la'asar. Iyayensa suka mutu, 'yan'uwansa suka watse Najeriya, aka bar sunan a bakin mace ɗaya, wadda ita ce kaɗai ba ta da ikon faɗinsa. Ta riƙe shi da daraja har aka binne su tare, ita da sunan. Aka bi gida gida ana tambaya, ba a samu ba. A ƙarshe Mushe ya ce a rubuta abin da ya rage.

A kan hanyar gida na lissafa masu sanin sunan Zabairu waɗanda ke iya faɗinsa. Ban ji tsoro ba, ban ji baƙin ciki ba. Na dai ga hanyar a miƙe, kamar yadda direba ke ganin inda kwalta za ta ƙare. In na mutu, Tasalla ta mutu, wata rana wani tsoho zai zauna a gindin gawon nan ya ce, "Sai ɗan Tasalla."

Samarin suka zo neman izinina. Na ce yana da uwa. Na iske ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

"Tasalla, yara na son su rubuta sunan Zabairu a bangon lakwal."

Hannunta ya tsaya. Ni ma sai da na ji sunan ya yi mini baƙo a baki.

"A waje?" ta ce. "Inda awaki ke goga jiki?"

"A waje."

"Kai da ka zaga duniya, Yaya, a can ana yin haka?"

"Ana yi."

"Yana komo da su?"

"Ba ya komo da su."

"To me yake yi?"

Ina jin Faransanci, ina jin Larabci, ina taɓa Zabarmanci da Barbarci, amma ban sami amsa a ko ɗaya ba. Na ce ban sani ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce, "Ɗanka ne. Ka yi yadda ka gani." Ba ta yarda ba, ba ta hana ba. Na fita na ce musu su rubuta, ba don na gaskata bangon zai yi wani abu ba, sai don mijin Delu.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Zabairu zai ce da ya ga yau. Zai iske sojojin Faransa, waɗanda suka kwashi kakanninsa, sun tattara nasu sun tafi, yaƙin kuwa bai bi su ba. Zai iske labarin mutuwar soja ba ya jiran maigari yanzu, a salula yake shigowa, wani lokaci da hoto, uwa ta gani kafin a yi mata sallama. Zai iske ƙannen abokansa na layi a Damagaram suna neman shiga soja, don gona ta yi kaɗan, gida ya yi yawa. Ban san ko zai hana su ba. Shi ma da na hana shi, cewa ya yi, "Kawu, kai ka ga duniya da bakinka, bar ni in gan ta da takalmina." Abin da na tabbata shi ne da ya ga bangon sai ya yi dariya. Zai ce, "Kawu, duk galan nan nawa, a ƙarƙashin mijin Delu aka sa ni?"

Can ɗin kuwa aka sa shi. Bangon siminti ne, bai wuce ƙirjin mutum ba, an shafa masa farar ƙasa. Wani mai rubuta allunan shaguna ya zo daga Magariya ya rubuta sunayen da shuɗin fenti. Ranar da aka buɗe shi an yi addu'a, an raba goro. Na tsaya a gabansa na karanta daga sama har ƙasa, na ji daidai abin da na ji a wancan ƙauyen na Faransa. Tasalla ba ta zo ba.

Bayan an kwana biyu ta ce in raka ta dubiya. Hanyar ba ta lakwal ba ce, amma ta nan ta bi. Da muka zo daidai bangon ta rage tafiya, ba ta dube ni ba ta ce, "Wanne ne?" Na sa yatsa a kai. Ba ta iya boko ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe gajere ne. Na ɗauka zai fi haka tsawo."

Muna tsaye aka saki 'yan ƙaramin aji shan iska. Su ne masu koyon haɗa baƙi, kuma duk rubutun da suka gani sai sun gwada ƙarfinsu a kai. Suka yanyame bangon, suna bi da yatsa, suna rerawa da ƙarfi kamar yadda suke yi a aji. Suka yi mijin Delu suna dariya. Suka sauko kan sunan Zabairu. Tasalla ta ja mayafi ta juya baya, yadda ya kamata uwa ta yi in an ambaci ɗan farinta. Amma ba ta tafi ba. Sai da suka gama suka watse ta ce mu je, rana na yi.

Tun daga makon nan ta fara kai tallan ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗa bakin lakwal, ita da ta ce ƙafafunta sun gaji da talla. Sauran mata na zama a inuwar dogon yaro. Ita tana zama a jikin bangon, ta ba shi baya, rana na dukan ta. In sun ce, "Tasalla, ga inuwa nan kina gasa kanki," sai ta ce nan ciniki ya fi.

Me ya rage na Zabairu bayan shekara goma? Ba kabarin da muka sani. Gonarsa ƙannensa sun raba. Barkwancinsa ni kaɗai nake maimaitawa, kuma a bakina ba ya ba da dariya. Fentin ma ya fara dusashewa ta gefen da ruwa ke duka, awaki kuwa suna goga jikinsu kamar yadda uwarsa ta faɗa. Ban canza ra'ayi a kan duwatsun Faransa ba, ban kuma ce zuciyata ta farka ba. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Ran nan na bi ta wurin da hantsi. Wata 'yar yarinya, sabuwar shiga, ta tsaya ita kaɗai a gaban bangon tana fama. Ta ce, "Za... bi... ru."

Tasalla na ƙulla gyaɗa a leda, bayanta na jingine da siminti. Ba ta waiwaya ba.

"Ba haka ba ne. Sake."

"Za... ba... ru."

"Sake, 'yar nan. A hankali."

"Za... bai... ru. Zabairu!"

"Yauwa," in ji Tasalla. Ta miƙa mata ƙuli-ƙuli ta bayan kafaɗa. "Gobe ki zo ki sake, kada ki manta."

Allah ya jiƙansa, shi da mijin Delu, ko mene ne sunansa.