Ƙoƙon Ƙwallayen Kaka Laraba

A shekarar da ruwan sama ya kayar da soron ƙofar gidan Alhaji Mamman a unguwar Koki, a shekarar ce Kaka Laraba ta baro ƙauye ta dawo wurinmu. Ban san lambar shekarar ba, domin a lokacin babu mai rubutu a ɗakinmu. Na dai san ban daɗe da yin famfara ba, kuma Babanmu ne ya sake ɗora soron. Shi maginin ƙasa ne, shi ke yi wa gidan Alhaji yaɓe duk shekara kafin damina. Saboda wannan aikin aka ba mu ɗaki biyu a ƙuryar gidan, kusa da turken awaki. Mu kaɗai ne Kirista a lungun. Kowa ya sani, mu ma ba mu taɓa ɓoyewa ba.

Ranar Lahadi mukan taka har Sabon Gari mu yi sujada mu dawo. Kaka ba ta iya wannan tafiyar. Gwiwoyinta sun ƙi, idonta kuma ya yi yana, sai dai ta gane mutum da muryarsa. Wata Lahadi da muka dawo na tausaya mata, na ce, "Kaka, ke kam an bar ki a baya. Ba ki da coci."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Maigidana," haka take kirana, irin wasan kaka da jika, "tuwon da ka ci ranar Lahadi shi ke riƙe ka har wata Lahadin? To me kake nema a gindin tukunyar uwarka tun safiyar Litinin?"

Ladanin masallacin lungunmu shi ne agogonta. Da ya yi kiran farko na asuba sai ta tashi, ta wanke fuska, ta zauna a tabarmarta ta jawo ƙoƙo biyu daga ƙarƙashin gado. Ɗaya cike yake da ƙwallayen 'ya'yan itace, ɗaya babu komai. Kowane ƙwallo mutum ne. Kaka ba ta iya karatu ba, ba ta kuma gani, don haka da yatsa take riƙe mutanenta. Babanmu ƙwallon tsamiya ne mai tsaga a gefe. Ƙanwata Rifkatu 'yar magarya ce. Ni kanya ne. Takan ɗauki ƙwallo, ta murza shi, ta ambaci mai shi, ta roƙa masa abin da ta san yana bukata, sannan ta jefa a ɗaya ƙoƙon. Ina kwance ina jin ƙararsu, ƙwas, ƙwas, har ƙoƙon farko ya ƙare. Daga nan ta maimaita aya ɗaya cikin waɗanda ta haddace da ka a cocin ƙauyensu, ta yi waƙa ƙasa-ƙasa, sannan ta yarda ta sha koko.

Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji, ta san da zancen. Ƙwallonta na dabino ne, daga dabinon da take aiko mana da azumi. Idan ta leƙo da hantsi takan ce, "Laraba, yau an jefa ni, ko an manta da ni a ƙasan ƙoƙo?"

"An jefa ki, Hajiya. Na roƙa miki sauƙin ƙafa da ragin faɗa."

"Ƙafar dai. Faɗan ki bar mini kayana, da shi nake riƙe gidan nan."

Da yamma kuma, bayan an ci tuwo, tsakanin magariba da lisha, mukan kewaye murhu kafin garwashin ya mutu. Amma Kaka ba ta fara tatsuniya sai ta tambayi kowa abu biyu: wa ka ɓata wa yau, wa kuma ya ɓata maka. Wanda ka ɓata wa, in yana kusa, sai ka tashi ka je ka ba shi haƙuri a lokacin. Wanda ya ɓata maka kuwa sai ka ce ka yafe, da bakinka, kowa ya ji. Ta ce ita ba ta ba mai ƙulli a ciki labari, don ba shi da wurin zuba shi.

A bakin lungunmu akwai wani mai sayar da itace, Malam Garba. Shi kaɗai ne a lungun ba ya amsa gaisuwar Babanmu. Yana da randa a ƙofar rumfarsa da moɗa a kai, don masu wucewa. Wata rana da zafin rana na dawo daga aike, na ga yara suna sha, ni ma na ɗebo na sha. Malam Garba ya taso ya fizge moɗar daga hannuna, ya buga ta da ƙasa ta tsage, ya ce ta ƙazantu. Yaran suka yi ta dariya. Da yamma Kaka ta yi tambayarta, na ce babu wanda ya ɓata mini.

Washegari da asuba ina kwance sai na ji sunansa a bakinta. "Ga Malam Garba, ya Ubangiji. Ka ba shi lafiyar bayansa, ka sa itacensa ya bushe da wuri." Na buɗe ido ɗaya, na ga ƙwallon aduwa a hannunta. Ashe tun zuwanta yana cikin ƙoƙon, yana kwana tare da ni da Babanmu. Da rana, da ta fita shan iska, na lalubo ƙwallon aduwar na jefa shi a murhu, na tsaya har ya zama toka.

Da asuba ta biyu ƙarar ƙwallayen ta tsaya kafin lokacinta. Na ji yatsunta suna zagaya ƙoƙon da ya ƙare, suna sake zagayawa. Ta lalubi tabarma, ta lalubi ƙasa. Sai ta ajiye ƙoƙon. Ta yi ayarta, ta yi waƙarta.

Da yamma a bakin murhu ba ta yi tambayar da ta saba ba. Ta gyara zama kawai ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

Ni da Rifkatu muka ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce a zamanin da babu ashana, akwai wani ƙauye da ba a samun wuta sai a wurin wani maƙeri a hayin kogi. Duk ranar kasuwa mutane sukan haye da tsingaro su ɗebo garwashi. Idan sun dawo sai su haɗa babbar wuta, a yi ta girki da gashi, kafin kwana biyu ta mutu, su zauna cin ɗanye har wata kasuwar. Amma akwai wata tsohuwa mai suna Kande. Ita tata wutar ba ta taɓa girma ba. Kullum da safe takan tone tokar, ta sa kara ɗaya, ta hura sau uku. Kullum da yamma ta rufe garwashin da toka. Ana yi mata dariya, ana cewa wutar Kande ko fara ba za ta gasa ba.

Sai wata damina kogi ya kawo, ya hana hayewa kwana da kwanaki. Wutar kowa ta mutu, sai ta Kande. Mutane suka yi layi a ƙofarta da tsingaronsu, tana ba kowa, wutar ba ta ragu ba. Can sai ga wani mutum da ya taɓa sakin jakinsa a gonarta ya cinye mata wake, ya kuma zage ta a kai. Kande ta dube shi ta ce wuta ta ƙare. Ya koma gida hannu rabbana. Da gari ya waye ta tone toka, sai ta tarar garwashin ya koma kamar ƙwayar gero. Ta sa kara, ta hura, ya ƙi. Ta hura har idonta ya yi ja. Da ta gane abin da ya faru, sai ta ɗauki ɗan abin da ya rage a tsingaro, ta rufe shi da tafin hannu, ta tafi gidan mai jakin da ƙafarta. Tana zuba masa a murhu, wutar ta kama, ta ɗebi nata ta dawo.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka, "wanda bai ji ba ya tambayi toka." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake zaune, kamar tana gani. "Maigidana, wani ya hana maƙwabci wuta a ɗakin nan. Ko ka san shi?"

Na fashe da kuka na faɗi komai, har zancen moɗar. Ta saurara har na gama. Ba ta ce Malam Garba ya kyauta ba. Ta ce, "Bai kyauta ba, kuma ya yi maka ciwo. Shi ya sa yake cikin ƙoƙon. Ka zaci na tara ƙwallayen nan don masu ba ni dabino kaɗai?"

Hukuncina shi ne in nemo aduwa da kaina, in tsotse ta har ƙwallon ya fito fes. Wanda ya san aduwa ya san abin da ta yi wa cikina a ranar, kuma Rifkatu ba ta bar ni na manta ba har yau. Daga nan kullum da asuba idan aka zo kan ƙwallon, Kaka takan taɓa ƙafata ta ce, "Tashi, ga mutuminka." Ni ne zan riƙe, ni ne zan ambaci sunan. Kwanakin farko ta cikin haƙora nake faɗa. Kaka ta ce ba komai, Ubangiji yana jin na cikin haƙora ma.

Malam Garba bai canza ba. Har ya bar duniya bai amsa gaisuwar Babanmu ba. Amma ban san ranar da abin ya faru ba, sai na ga ina wucewa ta gaban rumfarsa ƙirjina ba ya zafi. Ina gaishe shi, ya yi shiru, in wuce ina tunanin wani abin daban. Yanzu da na girma na gane wannan ita ce lafiyar da Kaka take nema mini.

Ina saurayi Kaka ta kwanta ciwon ajali. Safiya uku a jere ta sa na zauna ina ɗaukar ƙwallo tana faɗa mini mai shi. Akwai mutanen ƙauye da ban taɓa gani ba, akwai jikokin waɗanda suka mutu, akwai wata mata da ta taɓa ba ta wurin zama a mota. Ta ce, "Kada ka tsallake rana, maigidana. In ka tsallake ɗaya, ta biyu ba ta da wuya." Na yi mata alkawari. Hajiya Babba ce ta aiko da farin yadin da aka rufe ta da shi.

Na riƙe alkawarin kamar shekara biyu. Sai na tafi kudu aikin gini, na bar ƙoƙon a akwatin Innarmu, na ce ai sunayen suna kaina. Shekara goma sha ɗaya na yi a can. Ina zuwa coci wasu Lahadin, amma tsakanin Lahadi da Lahadi babu komai. Na zama mai saurin hannu, mai riƙe magana a ciki wata da watanni. Da Babanmu ya rasu na dawo gida, na buɗe akwatin, na zube ƙwallayen a tabarma. Na ɗauki na farko na san shi, na biyu na san shi. Na ɗauki wani ƙwallon ɗinya na yi ta murzawa, babu sunan da ya zo.

Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci a Gwale, da furfura a gemuna. Shekara uku na yi ina zama a benci bayan an tashi daga aiki, da hannun da ya saba da tubali, ina koya masa riƙe fensir. Ba na jin kunyar faɗa, har ma ina alfahari da shi. Yanzu ina karanta Maganar Allah da kaina kowace asuba, a hankali, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Ayoyin da Kaka ta haddace da ka ina cin karo da su a shafi, in tarar ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba. Da yamma ina yi wa 'ya'yana tambayoyinta biyu kafin su kwanta, su ma suna yi mini, kuma sun fi ni tsanani.

Bara da na ga hannuna ya faɗa, na sayi littafin rubutu na kira Rifkatu. Muka yi sati biyu muna ɗaukar ƙwallo muna gardama, ina rubuta duk wanda muka yarda a kansa. Waɗanda muka rasa masu su ban zubar ba. Kullum nakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya in ce, "Ubangiji, kai ka san mai wannan," in jefa.

Ƙwallaye hamsin da biyu Kaka ta bar mini. Mun gane talatin da ɗaya. Ashirin da ɗaya ba su da suna. Waƙoƙinta na asuba bakwai ne, uku muka iya tunawa, ɗaya daga ciki rabi ce kawai. Tatsuniyoyinta ba mu san adadinsu ba, tara muka rubuta.