Yadda Tukuicin Tsibirin Albasa Ya Kafe Jirgin Hawajoji

Shekarar da ambaliya ta cinye mana dawa, aka ce hawajoji, wato Turawa, sun taso daga Rusairis da markab, wato jirgin ruwa, cike da garin madara, amma ya maƙale a wani tsibiri. Yaranmu sun rame har iska na jan su. Dattawa suka ce, “Ɗan Ige, kai ke da baki, tafi ka jawo shi.”

Sinja

Na bar gida kafin kiran assalatu, a bayan lorin auduga. Direban Balarabe ne, tsalle ɗaya muka yi na gaisa da tsuntsaye. A Sinja na ci ful da kisra, ɗan sanda ya leƙa buhuna ya ga wayam, ya ce, “Ya zol, me ka ɗauko?” Na ce, “Yunwar garinmu.” Ya ce in wuce da ita da sauri.

Tsibirin Albasa

Da la'asar kwalekwale ya sauke ni. Tsibirin, in saniya ta kwanta, wutsiyarta na cikin ruwa. Mutanenmu ne Hausawa, masu noman bakin kogi. Ga markab zaune daram kan yashi, tumaki na leƙowa ta taga.

Ashe hawajoji sun ba Maigari Baba Altine kwalin madara ɗaya, shi kuwa ya ba da tukuicin rago. Kunya ta kama su, suka ƙara kwali, ya ƙara kabewa da kaji. Haka aka yi ta yi har nauyin alheri ya kafe jirgi. Babbar hawajiya, zakara bisa kafaɗarta, ta ce mini da gurgun Larabci, “Mun zo taimako, an fi ƙarfinmu.”

Na durƙusa gaban Maigari. “Ranka shi daɗe, a sauke kayan nan jirgi shi tashi.”

Ya zaro ido. “In karɓe kyauta daga hannun baƙo? A binne ni da rai dai!”

“To wa ya ce a karɓe, Baba? Kayansu ne. A taya su ɗauka cikin kwalekwale zuwa garinmu, can ake kwana da yunwa.”

Ya shafa gemu. “Rakiyar baƙo wajibi ce. Kai, a ƙaro albasa!”

Gida

Muka gangaro, Turai a gaba da madara, tsibiri a baya da kwalekwale har ido ya gaji, hawajiya na rubuta sunan tsibirin cikin manyan ƙasashe masu agaji. Yara suka sha, suka ci nama, har na goye ya yi gyatsar da ta kori jaki. Godiya ga Allah, da hawajoji, da Baba Altine.

Ina miƙe ƙafa, Hajjo uwargidana ta tsaya kaina. “Malam, mutanen tsibiri na ƙofa za su koma. Na ba su akuyarka tukuici.”

Na zabura. “Me suka ce?”

“Sun ce gobe za su aiko da bijimin sa.”