Fomular Mijin Yayata

Mijin yayata yana da shagon kayan wuta a unguwar Maamobi da ke Accra, kuma shi da kansa ya sa aka rubuta "Injiniya" a allon shagon. Ni a lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Alajo. Ticha yake kirana, da irin muryar da ake kiran ɗan dako.

Wata Asabar ya sa aka kira ni. Wai zai ƙera na'urar gano ƙarfen da ke binne a ƙasa, ya sayar wa 'yan gwangwan na Old Fadama. Aikin yana buƙatar koyil, wato wayar tagulla da aka nannaɗe. Kowane koyil yakan riƙe 'yar wuta tsakanin naɗinsa, kuma sai an san yawanta kafin na'ura ta saitu. Ya samo jadawali a intanet: a hagu tsawon koyil in an raba da faɗinsa, a dama lambar da ke nuna wutar. Nasa koyil ɗin ya faɗo tsakanin layi biyu, don haka yana son fomula.

Na zana lambobin a takarda, na ga sun gangara sannan suka haura kamar ludayi. Bayan 'yan kwanaki na kawo masa gajeriyar fomula mai gaɓa uku, wadda ke kuskuren kowace lamba da ɗan ƙalilan. Ya riƙe takardar da yatsa biyu, ya ce shi ba ya aikin kusa-kusa. Kwamfuta ta riga ta ba shi tasa, doguwa har ta cika shafi, ta bi ta kan kowane ɗigo.

Na sa ma'aunin koyil ɗinsa a cikin tasa fomular, amsa ta fito ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Ya ce kalkuletata ce jabu. Na kuma lura layi biyu sun ɓace daga jadawalin, na tambaye shi.

"Taurin kai suka yi, na goge su," in ji shi.

Ranar gwaji ya tara mutanen layi. Na'urar ta yi ta kuka a kan buhun albasa, aka kai ta kan tukunyar gas ta yi tsit. Bai ko sunkuyar da kai ba, ya ce gishirin ƙasar Accra ne.

Da sati ya zagayo yayata ta zo, tana kame-kame, ta ce ko takardar fomulata tana nan. Saboda ita na bayar.

Daga baya na tarar da shi yana yi wa wani ɗan Nijar bayanin fomular da ya ce ya hana idonsa barci kafin ya gano ta. Tawa ce ya kwafe a bango da alli, ya ma tsallake gaɓa ɗaya. Na gaishe su, na sayi kwan fitila, na wuce. Har yau in mun haɗu a gidan suna, hirar ƙwallo kawai nake yi da shi.