Tsohuwa Mai Gatari a Cikin Waya

Mai gyaran waya bai taɓa ganinta ba. Dattijuwa ce doguwa, tabarau rataye a wuya, tana dogara sandar ƙarfe. Ta ajiye wayarta a teburinsa, amma ta ƙi ɗauke hannu daga kai.

"Ɗana, gilashin kawai za ka canja. Kada ka goge komai, jarumata tana ciki."

Ya zaci hoton jika take nufi. Sai ta buɗe wani wasa, ta nuna masa wata gajeriyar tsohuwa mai gatari, wadda ba ta gudu, ba ta tsalle. In an kayar da ita sai ta dafa ƙasa, ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe riga.

"Jikokina su kam jarumai masu tashi sama suke zaɓa, wai wannan nauyin jiki gare ta. Har yau suna mataki na arba'in. Mu muna casa'in."

Yana kallon sandar, yana ƙiyasta watannin da ta yi kwance tana koyon miƙewa tare da wannan tsohuwa. Ya turo mata kujera.

Ta ko kalli kujerar? Ta dai gyara tsayuwa. "Bar ta, ɗana. Mu a tsaye muke jira."