Legas Ɗin Inna a Unguwar Shanu

Da autarmu ta haihu a Legas, ni na ƙi Inna ta bi mota. Na ce zamani ya wuce kwana a hanya, jirgi za ta hau ta je wankan jego, ta isa kafin suna. Na saya mata tikiti ta waya ina hura hanci.

Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba, don haka ta yi shiri irin na mai barin duniya. Ta bi unguwarsu Rigasa gida-gida tana neman gafara, har wurin maƙwabciyar da suka shekara ba sa ga-maciji saboda kwata. Kowa ya ba ta sallahu: wannan daddawa, wancan kuka, wata ƙullin yaji ga ɗanta da ba ta ma san unguwarsa ba. Mota biyu aka cika don rakiya. A ƙofar filin jirgi aka yi koke-koke, 'yan rakiya suka juya.

Muka zauna. Aka ce jirgi na hanya. Can aka ce ya kusa. Da la'asar wata budurwa mai ɗankwali a wuya ta sanar, da murya mai zaƙi, cewa an ɗage tafiya saboda dalilan aiki. Na tambayi wane aiki, tunda aikin nasu ɗaya ne, tashi. Ta yi mini murmushin da aka koya mata.

Na ce wa Inna mu koma Rigasa. Ta ce, "Da wane idon? Na yi sallama da kowa, har na roƙi waccan matar gafara. Kai ni gidanka."

Haka Inna ta ɓuya a ɗakin baƙina a Unguwar Shanu, ko tsakar gida ba ta fita. In an kira daga Rigasa, ni ke cewa tana hutawa. Muka sake komawa filin, aka sake ɗagewa. Kamfanin da ya kasa tayar da jirgi bai taɓa kasa turo saƙo ba, kullum yana gode mana da haƙurinmu. Daddawar mutane kuwa ta cika mini gida da wari. Na ce to a bi mota, ta ce ba ta fara tafiya ranar da hankalinta bai kwanta ba, kuma kwanakin sun riga sun ƙure.

Ranar suna ta yi wanka, ta ɗaura sabon zanen da ta ɗinka domin taron, ta zauna bakin gado. Aka kira wayata ta bidiyo daga Legas, aka ce yarinya ta ci sunan Inna. Haushin kaina da na kamfanin ya kama ni.

Inna ta daɗe tana kallon jaririyar. Sai na ga ta kai wayar hancinta a hankali ta shinshina, yadda take yi wa kan kowane jikanta ranar farko. Ta miƙo mini, ta ce, "Ungo abinka. Ba ta ƙamshin komai."