Gunkin da Na Naɗa Sarki

Ni na ja wa kaina. An ba 'yata Hauwa aikin makaranta kan tsoffin kayan tarihin Indiya, na ce ta kwantar da hankali, da fim ɗin Indiya na girma.

A gidan tarihi a Manhattan ta nuna min gunkin dutse mara hannu. Na ce sarki ne, a yaƙi aka sare masa hannu. Ta rubuta.

Jiya ta dawo da takardar.

"Baba, malama ta ce haka aka tono shi. Wai wa ya gaya min?"

"Kika ce wa?"

"Wani direban tasi."

Ba ƙarya ta yi ba, tasi nake tuƙawa, asirina ta rufa. Lahadi kaɗai nake hutawa, kuma gidan tarihin za mu koma, ta karanta bayanin kayan, in yi shiru. Iyaye, ni kaɗai ne?