Zanen Inna a Cikin Madubin Bindiga

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune a gida ina jiran sakamako, a wani ƙauye da ke gefen Makoda. Ni ce auta a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Tun ina ƙarama ni ce 'yar rakiyarsa gona, ni ke riƙe masa gorar ruwa, ni ke shan labaran daji, domin ma'aikacin gandun daji ne kafin ya yi ritaya ya dawo noma. Bindigarsa mai lasisi tana rataye a ɗakinsa, ba ya fito da ita sai idan birai sun addabi gonakin mutane. A garinmu ana cewa Baba ba ya harbi biyu. Ni kuwa a wancan lokacin babu abin da ba zan yi ba don kada wannan suna ya zube. Abin da ya sa na rubuto muku ke nan.

Ni na fara gane idon Baba ya soma lalacewa. Wata rana a hanyar gona ya yi wa wani kututture sallama, har ya tsaya yana jiran amsa. Na fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya zaunar da ni a gindin ɗorawa ya ce tun bara abin da ke nesa kamar ta cikin hayaƙi yake ganinsa. Ya roƙe ni kada in gaya wa Inna, wai idan ta ji za ta hana shi ko da zuwa masallaci shi kaɗai, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka. Ban taɓa ganin Baba yana roƙon wani ba. Na yi masa alkawari.

Ana nan sai yayana, wanda ke tuƙa wani mai sha'awar farauta a Abuja, ya zo ganin gida da tsaraba. Maigidansa ya sayi sabon madubin bindiga, ya ba shi tsohon, shi kuma ya kawo wa Baba. Irin madubin nan ne da ake ɗaurawa a saman bindiga, yana da zobe da ake murzawa ya jawo abin da ke nesa har gaban ido. Yana aiki da batir. Idan aka danna maɓalli sai ya auna nisan abu, ya kunna wani jan ɗigo a inda harsashi zai faɗa, kuma ana haɗa shi da waya a shigar masa da ƙarfin iska. Yaya ya ɗaura shi, ya bar mini tsohuwar wayarsa da takardar bayani ta Turanci, ya koma bakin aikinsa. Na karanta da idona inda aka ce a fara daga mafi ƙarancin jawowa, don mai harbi ya ga abin da ke kewaye. Amma a nan Baba ba ya ganin komai sai hazo. Da na murza zoben har ƙarshe sai ya yi wata dariya irin ta yara, ya ce ga tururuwa can tana hawa karan gero. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba. A nan na bar zoben, ban ƙara mayar da shi baya ba.

Madubin yana bukatar gwaji kafin a fita da shi. Duk wanda ya san yankinmu ya san gona a jikin gona take, babu shinge, hanyoyi ta cikin hatsi suke ratsawa. Amma gonarmu ta nesa ta ƙare ne a jikin wani tudu mai babbar kuka, Baba ya ce ko ina harsashi ya je tudun zai tare shi. A can muke da mutum-mutumin korar tsuntsaye, shi muka mayar abin gwaji. Sai dai tsummokaran jikinsa launin ƙasa ne, Baba ya kasa gano shi a madubin. Ni ce na je ƙasan adakar Inna na zaro wani tsohon zane ruwan ɗorawa mai jajayen furanni, na yafa masa, ban tambaye ta ba. Ta neme shi har ta gaji. Baba ya riƙa tsokanarta, wai zanen da ya koma rariya bai kai a yi masa zaman makoki ba. Ta ce ai dama ba zai tuna ba, shi ya sayo mata shi a kasuwar Zakirai da aka haife ni, da shi ta goya ni har na yi ƙafa. Na sunkuyar da kai ina tsintar shinkafa.

Baba yana da wata al'ada tun daga daji. Kafin ya yi harbi sai ya sauke bindiga, ya duba dama da hagu da ido tsurarsa, ya ɗaga murya ya tambaya ko da mutum a wurin. Tunda madubin ya zo ya daina, domin idan ya ɗauke ido daga kai sai ya sha wuya kafin ya sake gano zanen, kuma ko ya duba ba gani zai yi ba. Ya ce da ni, "Uwata, ke ce idona." Ni kuma idon nawa yana kan waya, ina jin daɗin lambobin da ke canzawa, ina ji da kaina kamar wata injiniya.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, gero ya yi kai. Baba ya durƙusa ya ɗora bindigar a kan gwafa, ya ce ya samu zanen, furannin sun cika masa madubi, sai dai iskar yau da ƙarfi take don zanen motsi yake ta yi. Ya ce in shigar da ita a waya. Na ɗaga kai don in ji daga ina take busowa, sai na ga ko ganye ɗaya ba ya motsi. Gero a tsaye cak. Na kai ido wajen kukar, na hango sandar mutum-mutumin tsirara, ruwan ɗorawan kuma yana gefe, ya fi shi gajarta, yana tafiya. Ban san lokacin da na faɗa kan bindigar da hannu biyu ba. Ƙarar ta tashi a kunnena, tsuntsaye suka watse, zanen nan ya faɗi cikin hatsi.

Ban san yadda na ratsa gonar ba, takalmana a can na bar su. Inna na tarar zaune a tsakanin kara, zanen a kafaɗarta, ta toshe kunnuwa tana ta salati. Ashe wata maƙwabciya ce ta gaya mata inda ta ga zanenta, ta biyo ta bayan tudu ta cire abinta. Harsashin reshen kuka ya sara, can sama. Baba ne ya iso daga baya, yana tuntuɓe da kunyoyin gona, ya faɗi ya tashi, gwiwarsa na jini. Ya durƙusa yana shafa fuskarta da hannuwanta, yana tambaya ina ne, ina ne. Inna ta riƙe hannunsa ta ce, "Malam, ba ka same ni ba. Yau dai ka kuskure, alhamdu lillahi." Nan mutumin da ba ya harbi biyu ya kifa kai a cinyarta ya yi kuka, ni ma na zube a kansu.

Da muka koma gida ya gaya mata maganar idonsa, yana ta kame-kame. Ta ce ta sani tun ranar da ya zuba wa tunkiya dawar da ta shanya yana zaton dusa ce. Ita ce kullum take ajiye masa buta da takalmi a wuri guda, take janye turmi daga hanyarsa kafin ya fito, tana jira ya faɗa da bakinsa don kada ta karya masa zuciya. Ni kuwa ba ta yi mini faɗan zane ba. Abin da ta ce kawai shi ne, ina 'yar yarinya na ɗauki kayan da ya fi ƙarfina, alhali tana nan da ranta. Wannan maganar ta fi duka zafi. Bayan an yi girbi aka kai Baba asibitin ido a Kano, aka cire masa yanar da ta rufe ido ɗaya, ana jiran ɗayan. Da kansa ya kwance madubin ya aika wa Yaya, ya ce a gode wa mai shi. Birai kuwa yanzu da gwangwani da ihu ake korarsu.

Ba na zagin na'urar, abin da aka ƙera ta ta yi shi ta yi. Ta auna nisa daidai, ta nuna inda harsashi zai faɗa daidai, kuma abin da ke hana ni sukuni ke nan, domin da ban ɗaga kai ba da ba ta kuskure ba. Abin da ba ta iya ba shi ne ta gaya wa Baba cewa akwai matarsa a cikin zanen. Duk sa'ad da ka jawo abu ɗaya kusa, sauran duniya fita take yi daga idonka, mu kuwa a ƙasarmu babu fegin da babu mutum. Ina roƙon masu riƙe bindiga, duk kyan madubinku ku sauke, ku duba da idonku, ku yi kira ku jira amsa. 'Yan uwana 'ya'ya kuma, idan iyayenmu suka ba mu amanar rashin lafiyarsu, asibiti ya kamata mu ja su, ba mu nemo musu dabarar ɓoyewa ba.

Har yau idan tayar babur ta fashe a hanya sai in durƙushe in toshe kunnuwa. Sai Inna ta ɗauko zanen nan ta lulluɓa mini. Rannan Baba ya gan ni a ciki da sabon idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya tuna rumfar da ya saye shi.